Yadda Ake Bin Salsalar Sunan Dangi na Jamusawa, Daga Ma'anar Suna Zuwa Littafin Coci

Wani abokina Bakano da ke zaune a Hamburg, wanda ya auri Bajamushiya, ya bugo mini waya wata ranar Lahadi, baki har kunne. Wai ashe sunan gidan su surukarsa kafin ta yi aure Barth ne, saboda haka 'ya'yansa jinin Abdul Karim ne, wato Heinrich Barth, Baturen nan da ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851 ya rubuta labarin kasuwarta da marinanta. Na ce masa, "Alhaji, a yi haƙuri. Mutumin nan har ya mutu a Berlin a 1865 bai yi aure ba, ba a kuma san shi da ɗa ba." Ya yi shiru, can ya ce, "To, ko ta wajen 'yan uwansa?" Tambayar ta yi ma'ana, sai dai amsarta ba ta cikin sunan, tana cikin takardu. Ga hanyar da ake bi a kai gare su.

Mataki na ɗaya: ka raba tambayoyin gida biyu

"Mene ne ma'anar sunan nan?" tambaya ce ta harshe, za ka iya samun amsarta kafin shayinka ya huce. "Su wane ne kakannin masu wannan suna?" tambaya ce ta tarihi, tana iya cin shekara. Yawancin masu ɓata a wannan bincike sun ɓata ne saboda sun ɗauki amsar ta farko a matsayin amsar ta biyu. Kama da wane ba ta wane. Kowane ƙauye a Jamus yana da mai niƙan hatsi, don haka dubban gidaje sun zama Müller ba tare da sun taɓa haɗa jini ba, kamar yadda duk wanda ake ce wa Maƙeri daga Katsina zuwa Damagaram ba lalle ne ɗan gida ɗaya ba.

Jamusawa ba su tashi da sunan dangi ba. Da can mutum suna ɗaya gare shi. Daga wajejen ƙarni na 12 birane irin su Kolon suka cika, masu suna Hans da Heinrich suka yi yawa, aka fara liƙa wa kowa laƙabi don a bambance. Sannu a hankali laƙabin ya zama abin gado, ya bazu daga birni zuwa ƙauye, daga kudu da yamma zuwa arewa. A can gaɓar tekun arewa, wajen Friesland ta Gabas, sai da dokar Napoleon ta 1811 ta zo kafin a fara tilasta wa mutane tsayayyen suna. Kafin nan ɗan Peter shi ne Petersen ko Peters, ɗansa kuma ya ɗauki sunan nasa uban, daidai da yadda muke cewa Musa Haruna, ɗansa ya zama Sani Musa.

Mataki na biyu: ka tattara duk yadda ake rubuta sunan

Ka ɗauki takarda ka jera kowace sura da sunan zai iya ɗauka: Barth, Bart, Bardt, Baarth. Har ƙarshen ƙarni na 19 mai rubutu yadda kunnensa ya ji yake rubutawa. Meyer, Meier, Maier da Mayer suna ɗaya ne, masu "e" sun fi yawa a arewa, masu "a" a kudu. Möller ɗan arewa ne, Müller kuma na ko'ina. Ɗigo biyun nan na kan wasali, idan babu su a na'ura, "e" ake ƙarawa, shi ya sa kake ganin Mueller a fasfo. Idan gidan sun yi ƙaura zuwa Amurka, a nan ne sunan kan sake riga: Schmidt ya koma Smith, Müller ya koma Miller, Eisenhauer ya zama Eisenhower.

Mataki na uku: ka gano wane irin suna ne

Masana sun kasa sunayen Jamusawa gida biyar, kuma Bahaushe ba zai sha wuyar gane su ba, don duk muna da irinsu.

Akwai na sana'a, su ne suka fi yawa a saman jeri: Müller mai niƙa, Schmidt maƙeri, Schneider tela, Fischer masunci, Weber masaƙi, Becker mai gasa burodi, Wagner mai ƙera keken doki, Schumacher mai ɗinka takalmi. Schulz da Meyer muƙamai ne, na farko kamar dagaci mai karɓar haraji, na biyu wakilin mai gona. Akwai na sunan uba, irin su Hansen, Friedrich da Hartmann. Akwai na garin da mutum ya fito, irin su Bayer ɗan Bavariya, Böhm ɗan Bohemiya, Schwab ɗan Swabiya, kamar yadda muke cewa Bakatsine ko Ɗan Borno. Ka lura, ba a kiran mutum da sunan garinsa sai ya bar garin, don haka irin wannan suna alamar ƙaura ce. Akwai na wurin zama: Berger na kan tudu, Bachmann na bakin rafi, Busch na gindin kurmi. Sai na siffa ko hali: Lang Dogo ne, Klein da Kurz su ne Ƙarami da Gajere, Schwarz Baƙi, Roth Jatau. Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawan Salaga suka sani da Malam Musa, sunan gidansu na nufin mai murɗaɗɗen gashi.

To, Barth fa? A nan ne abin ke da daɗi, domin sunan yana da ƙofa fiye da ɗaya. Yana iya fitowa daga kalmar Bart, wato gemu, laƙabin wani mai gemu a zamanin da maƙwabtansa ke askewa. Yana iya zama gajeren Bartholomäus ko Barthold, kamar yadda Abubakar ke komawa Habu. Akwai kuma gari mai suna Barth a bakin tekun Baltik, kusa da Stralsund, wanda ya baro shi ana iya kiransa da sunansa. Wasu ma suna danganta shi da Barte, wani gatari mai faɗin baki. Ƙofa huɗu ke nan, kuma ƙamus ba zai gaya maka ta wacce gidanku ya shigo ba. Don ma'ana, ka duba ƙamus ɗin sunayen dangi da Cibiyar Kimiyya da Adabi ta Mainz ta ɗora a intanet, ana kiransa DFD a taƙaice, kyauta ne, yana kuma kawo ma'anoni bisa ƙarfin hujjarsu.

Mataki na huɗu: ka dubi taswira

Shafin Geogen da shi kansa DFD suna zana maka inda suna ya fi taruwa a Jamus, bisa tsofaffin kundayen lambobin waya. Idan sunan ba mai yawa ba ne, za ka ga ya dunƙule a gunduma ɗaya ko biyu, ka sami bakin zare ke nan. Idan kuwa Schmidt ne, taswirar za ta cika ta batse, ba ta gaya maka komai ba.

Kalmar kanta tana tona asirin yanki. Mahauci a kudu maso yamma Metzger ne, a gabas Fleischer, a arewa Schlachter. Maginin tukwane Hafner ne a kudu, Töpfer a gabas ta tsakiya, Pötter a arewa. Sunan da ya ƙare da -le, irin su Schäuble, ƙamshin Swabiya yake yi. Masu -ow, -itz da -ski suna nuna gabas, inda Jamusanci ya yi cuɗanya da harsunan Silabiyawa, ko kuma jikokin 'yan Poland da suka zo haƙar kwal a yankin Ruhr. Sunan da ya yi kama da Faransanci, irin su de Maizière, sau da yawa na zuriyar Furotestan ɗin Faransa ne da aka buɗe wa ƙofar Brandenburg da dokar Potsdam ta 1685.

Duk wannan hasashe ne mai amfani, amma bai zama hujja ba tukuna.

Mataki na biyar: ka nemo sunan ƙauyen

Idan za ka riƙe abu ɗaya daga wannan rubutu, to wannan ne. Jamus ba ta da kundi guda na ƙasa da za ka buga suna ya fito maka da kakanni. Ƙasar ba ta dunƙule ba sai 1871, kafin nan masarautu ne da birane masu cin gashin kansu, kowa da nasa tsarin. An ajiye bayanan haihuwa, aure da mutuwa ne a garin da abin ya faru. Wanda bai san garin ba, ya ɗauki Dala ba gammo.

Saboda haka ka fara daga gida, daga mai rai zuwa mamaci, tsara bayan tsara, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka zauna da tsofaffi da na'urar naɗar murya. Ka tambayi wani ƙaramin littafi da ake ba ma'aurata ranar ɗaurin aure, Stammbuch, a cikinsa ake tara takardun haihuwa da na baftisma. Ka juya bayan tsofaffin hotuna, sau da yawa akwai hatimin mai ɗaukar hoto da sunan garinsa. A wasu gidajen za ka tarar da Ahnenpass, littafin da gwamnatin Nazi ta sa mutane cikewa don tabbatar da "tsarkin jini". Mugun nufi ne ya haife shi, kuma ana ɗaga shi da nauyin zuciya, amma yana ɗauke da sunaye da garuruwan kakanni, wani lokaci har zuwa wajejen 1800. Ka yi amfani da shi a matsayin manuni, sannan ka tabbatar da kowane layi a wani wurin.

Idan zuriyar ta yi hijira ta teku, jerin fasinjojin tashar Hamburg na 1850 zuwa 1934 yana nan, kuma yana nuna garin da mutum ya baro. Na Bremen akasari an lalata su. Da ka sami sunan gari, ka duba shi a Meyers, kundin garuruwan daular Jamus na 1912 da ke intanet. Zai gaya maka gundumarsa, da inda ofishin rajistarsa da cocinsa suke. Ka yi hattara, garuruwa masu suna Neustadt ko Neudorf sun yi yawa kamar Sabon Gari da Tudun Wada a wajenmu.

Mataki na shida: ofishin rajista

Sunansa Standesamt. Ya fara aiki a Prusiya, babbar masarautar da ke cikin daular Jamus, ranar 1 ga Oktoban 1874, a dukkan daular kuma ranar 1 ga Janairun 1876. Yankunan yammacin kogin Rhein da Faransa ta mamaye sun riga kowa, tun 1798. Dokar da ke aiki tun 2009 ta sa wa'adi: bayanan haihuwa suna hannun ofishin har shekara 110, na aure 80, na mutuwa 30. A cikin wa'adin, galibi mai abin ko matarsa ko iyayensa da kakanninsa ko zuriyarsa ta kai tsaye ake ba, kuma za a nemi shaidar dangantaka. Bayan wa'adin ana miƙa su ga ma'adanar tarihi ta gari ko ta gunduma, inda kowa ke iya nema.

Ka rubuta musu gajeren saƙo da Jamusanci: cikakken suna, ranar da abin ya faru ko shekarar da kake zato, dangantakarka da mutumin, da cewa za ka biya kuɗin aiki. Ga wata dabara da na koya bayan na yi asarar kuɗi: kada ka nemi satifiket ɗin da aka buga sabo, ka nemi kwafin ainihin shafin rajistar. A gefen shafin magatakarda kan ƙara 'yan layuka daga baya, cewa wane ya yi aure a gari kaza, ya mutu a gari kaza. Waɗannan bayanan gefe su ne gadar da za ta kai ka ofishi na gaba. Takardar aure ta fi kowacce albarka, domin tana kawo sunayen iyayen ango da na amarya, da sana'arsu, da addininsu.

Mataki na bakwai: littattafan coci

Kafin a buɗe ofisoshin rajista, limamin coci shi ne magatakarda. Dole ka san ɗariƙar gidan, Katolika ne ko Furotesta, don littattafansu daban ne. Majalisar Trent ta umarci cocin Katolika da rubuta baftisma da aure a 1563, wasu cocin Furotesta ma sun riga su farawa. Amma Yaƙin Shekara Talatin, 1618 zuwa 1648, ya cinye littattafai masu yawa, don haka a ƙauyuka da dama zaren yana tsinkewa ne a wajejen 1650. Wanda ya kai nan ya yi ƙoƙari, ya gode wa Allah.

Yawancin na Furotesta suna shafin Archion, ana biyan kuɗi. Na Katolika da yawa suna Matricula, kyauta. Shafin FamilySearch ma yana da tarin hotunan littattafan. Kafin ka shiga, ka duba ko wani ya riga ya yi maka wahalar: akwai littattafan da ake kira Ortsfamilienbuch, inda wani mai haƙuri ya jera dukkan iyalan ƙauye guda, da yawansu suna shafin ƙungiyar CompGen.

Ranar da na fara buɗe irin wannan shafi, na ɗauka kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Rubutun hannun ana ce masa Kurrent, ƙanensa kuma Sütterlin, wanda aka koyar a makarantu har aka hana shi a 1941. Harafin "e" kamar "n" yake, "h" yana da madauki sama da ƙasa, "s" iri biyu ne, "u" kuma ana ɗora masa 'yar ƙugiya a ka don kada a ɗauke shi "n". Jamusawan yau da yawa ba sa iya karanta shi, don haka kada ka ji kunya. Wanda ya koyi warash da ajami a makarantar allo ya san maganin abin: ka buga jadawalin haruffa ka ajiye a gefe, ka fara da kalmomin da ke maimaituwa a kowane layi, irin su Sohn ɗa, Tochter 'ya, getauft an yi wa baftisma, Taufpate uban baftisma. Cikin mako biyu ido zai buɗe. Na Katolika galibi da Latin suke.

Alamomin ba su da yawa: tauraro haihuwa ne, gicciye mutuwa, zobe biyu a haɗe aure. "Geb." a gaban sunan mace yana nuna sunan gidan ubanta, domin a al'adarsu mace kan ɗauki sunan miji. Idan ka ga 7ber ko 7bris, Satumba ake nufi ba Yuli ba, 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba. A tsofaffin shafuka ana ƙara wa sunan mace -in, sai ka ga Barthin ko Müllerin, ba wani gida ba ne daban. Kuma kada ka raina sunayen iyayen baftisma, kusan kullum dangi ne, su ne ke warware rikici idan mutum biyu sun yi suna ɗaya.

Ramukan da ke kan hanya

Babban ramin shi ne Johann. A ƙauyuka da yawa duk 'ya'ya maza na gida Johann ne a farko: Johann Georg, Johann Adam, Johann Peter, 'yan matan kuma Anna ko Maria. Suna na biyun ne ake kiran mutum da shi, kamar gidan da kowa Muhammadu ne amma ana kiransu Sani, Salisu da Rabi'u. Ni kaina na kwana uku ina bin wani Johann, na gina masa kakanni har hawa huɗu, sai na buɗe littafin mutuwa na tarar ya rasu yana ɗan wata takwas. Iyayen sun sake sa wa ƙanensa sunan, shi ne wanda nake nema. Tun daga ranar, ba na karɓar baftisma sai na duba shafin jana'iza.

Rami na biyu yana yankin Westfalen da ke yammacin Jamus, inda sunan gona ya fi sunan mutum ƙarfi. Namiji idan ya auri magajiyar gona, shi ke ɗaukar sunan gidan, sai ka ga an rubuta sunaye biyu da kalmar "genannt" a tsakani, wato "wanda ake kira". Na uku shi ne malaman da suka juya sunansu zuwa Latin ko Girkanci don burga: Schmidt ya zama Faber, Müller ya zama Molitor, Neumann ya zama Neander. Daga wani mai waƙoƙin coci na wannan gida, Joachim Neander, kwarin Neandertal ya samo suna, daga kwarin kuma mutumin zamanin da da aka tono ƙasusuwansa a wurin a 1856 ya samo nasa.

Suna kuma yana iya zama sabo fil. Angela Merkel, tsohuwar shugabar gwamnatin Jamus, sunan mijinta na farko take amsawa. An haife ta Kasner, shi ma Kasner ɗin a 1930 aka ƙirƙire shi, lokacin da kakanta, wanda ya fito daga Posen, wato Poznań ta Poland a yau, ya sauya sunan gidan daga Kaźmierczak. Wanda ya tsaya fassara "Merkel" don ya san asalinta, ya yi aikin baban giwa.

Yahudawan Jamus kuwa yawancinsu ba su da tsayayyen sunan dangi sai da aka wajabta musu, a Ostiriya a 1787, a Prusiya a 1812. Da yawa sun ɗauki sunaye irin na maƙwabtansu, shi ya sa suna kaɗai ba ya nuna addini. Julius Berger, wanda kamfanin da ya gina gadar Eko ke ɗauke da sunansa, Bayahude ne da aka haifa a Zempelburg a 1862, ya mutu a sansanin Nazi na Theresienstadt a 1943. Mai bin irin wannan zuriya ba littafin coci zai nema ba, rajistar al'ummar Yahudawa zai nema, da ma'adanar Arolsen da ke tara takardun waɗanda Nazi suka zalunta. Garin nasa ma darasi ne: yau yana Poland, sunansa Sępólno Krajeńskie. Haka Breslau ta zama Wrocław, Stettin ta zama Szczecin, Königsberg ta zama Kaliningrad bayan 1945. Littattafan irin waɗannan wurare sun warwatsu, wasu suna ma'adanan Poland, wasu an kwaso su zuwa Berlin, don haka ka riƙe sunayen garin duka biyu.

Sai 'yan kasuwa masu sayar da "tambarin gidanku" a cikin firam mai ƙyalli. Tambari na wani gida ne takamaimai, ba na duk mai suna ɗaya ba. Haka "von" ba kullum take nuna sarauta ba, musamman a arewa maso yamma, inda sau da yawa "daga" kawai take nufi. Ka adana kuɗinka don biyan kwafin rajista.

Yadda ta kaya da abokina

Mun bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kowane bayani muna rubuta inda muka samo shi, littafi kaza, shekara kaza, shafi kaza, har da wuraren da muka duba ba mu sami komai ba, don kada mu sake komawa. Mun riga mun san cewa gidan su Heinrich Barth mabiya Luther ne, wato Furotesta, mahaifinsa kuma daga yankin Thüringen ya zo Hamburg, ya fara da fawa kafin ya zama ɗan kasuwa. Takardar auren kakannin matar abokina kuwa ta kai mu wani ƙauyen Katolika can kudu, kuma littafin cocinsu ya nuna gidan yana nan daram a ƙauyen tsara bayan tsara, manoma da masaƙa. Ba mu ga inda hanyoyin biyu suka haɗu ba.

Na yi zaton Alhaji zai ji haushi. Sai ga shi da hutun bazara ya kwashi iyalinsa a mota sun tafi ƙauyen. Ya turo mini hoton ƙaramar 'yarsa a tsaye gaban wani tsohon gida, tana nuna katakon saman ƙofa da yatsa, inda aka sassaƙa sunan Barth da haruffan da suka fara gogewa. A ƙarƙashin hoton ya rubuta: "Malam, saura na wajen Kano. Ina za mu fara?"